Daƙiƙa Biyar a Filin MetLife: Nazarin Takaddamar Schiano da Coughlin kan Durƙuson Ƙarshen Wasa

Ranar Lahadi 16 ga Satumba 2012, ƙungiyar New York Giants ta karɓi baƙuncin Tampa Bay Buccaneers a filin MetLife da ke garin East Rutherford a jihar New Jersey, a mako na biyu na gasar NFL, wadda ita ce babbar gasar ƙwallon ƙafar Amurka. Saura daƙiƙa biyar a tashi, Giants na da maki 41, baƙi na da 34, ƙwallo kuma tana hannun masu gida. Abin da ya rage kawai shi ne Eli Manning, jagoran harin Giants, ya karɓi ƙwallo ya sa gwiwa a ƙasa, agogo ya cinye sauran lokacin, a gaisa a watse. Ya karɓa kuwa, amma kafin ya gama durƙusawa sai 'yan tsaron Tampa Bay suka yi kukan kura suka afka wa sahun gaban Giants ta ƙasa, wajen gwiwoyi da ƙafafu. Ƙattin da ke gabansa suka yi baya suka bangaje shi, ya faɗi rigingine. Ƙwallon ba ta kuɓuce masa ba, kuma babu wanda ya ji rauni. Duk da haka, lokacin da kociyoyin biyu suka haɗu a tsakiyar fili domin musafahar da aka saba, Tom Coughlin na Giants ya tari Greg Schiano na Buccaneers da faɗa a gaban kyamarori, fuskarsa cike da fushi.

Babu dokar da aka karya. Hukumar gasar ta duba abin ta ce babu laifin da za a hukunta, kuma ba a ci kowa tara ba. Wannan ne ya sa lamarin ya cancanci nazari, domin duk gardamar da ta biyo baya a kan abin da ba a rubuta a kowane littafi ba aka yi ta.

Yadda durƙuso yake

Mai karatun da ya saba da ƙwallon ƙafar da ake bugawa a sauran duniya yana bukatar ɗan bayani kafin ya ga inda gizo ke saƙar. A wasan Amurka kowane ɓangare na da mutum 11 a fili, kuma ana yin wasan ne kashi huɗu, kowane kashi minti 15. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da yunƙuri huɗu ta ci gaba da yadi 10, in ta kasa sai ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Kowane yunƙuri yana farawa ne da ɗan tsakiyar sahu ya miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa ga jagoran hari, wanda ake kira kwatabak. Idan aka kayar da mai ƙwallo a cikin fili, agogon wasa ba ya tsayawa, kuma ƙungiyar tana da daƙiƙa 40 kafin ta fara yunƙuri na gaba. Kowace ƙungiya tana da damar tsayar da agogo sau uku a kowane rabin wasa. Saboda haka, idan wadda ke gaba ta sami ƙwallo a cikin minti biyu na ƙarshe, wadda ke baya kuma ta ƙarar da damarta ta tsayar da agogo, to wasa ya ƙare a lissafi: kwatabak zai durƙusa sau uku, lokaci ya tafi. A dambe wanda gwiwarsa ta taɓa ƙasa shi aka kashe, a nan kuwa mai nasara ne yake durƙusawa.

Doka ta ba da damar durƙuson, amma ba ta ce komai ba game da yadda 'yan tsaro za su karɓe shi. A nan al'ada ta shigo. Abin da aka saba a NFL shi ne, da zarar masu nasara sun jeru a wannan tsari, sai ƙattin ɓangarorin biyu su sassauta jiki. Ana miƙa ƙwallo sai su miƙe tsaye, su ɗan dafa juna, wasu ma su fara gaisawa tun agogo bai gama ƙarewa ba. Mutane ne da yawancinsu nauyinsu ya haura kilo 130, waɗanda suka shafe awa uku suna gwabzawa, kuma kowannensu ya san cewa jijiyar gwiwa guda ce tsakaninsa da rasa abincinsa. Yarjejeniyar tana da fuska biyu: masu nasara ba za su nemi ƙarin maki ba, masu shan kaye kuma ba za su kai duka ba.

Wasan da mutanen biyu

Wasan ranar bai zo wa kowa da sauƙi ba. Abokan karawa sun cafke jifan Manning har sau uku kafin a tafi hutun rabin lokaci, Eric Wright ma ya ruga da ɗaya daga ciki har gidan Giants, wato ƙarshen filin da in abokin karawa ya shiga da ƙwallo ya ci maki, aka tafi hutu Tampa Bay na da 24, Giants na da 13. A kashi na huɗu ne masu gida suka farka suka zuba maki 25. Manning ya gama wasan da jifan yadi 510, Hakeem Nicks ya kama na yadi 199, Victor Cruz kuma na 179. Ana saura ƙasa da minti biyu Mike Williams ya farke wa baƙi aka koma 34 da 34, sannan Andre Brown ya ci wa Giants ana saura daƙiƙa 31. Yunƙurin ƙarshe na Tampa Bay ya mutu ne da Michael Boley na Giants ya cafke jifan kwatabak ɗinta Josh Freeman. Abu biyu ya kamata a riƙe daga wannan bayani. Na farko, tazarar maki bakwai ce kawai, wato abin da ci ɗaya (shiga gidan abokan karawa da ƙwallo) da bugun ƙarin maki da ke bin sa za su rufe. Na biyu, Giants ta riga ta rasa 'yan wasa uku a wannan yinin saboda rauni, Ahmad Bradshaw da David Diehl da Domenik Hixon, ga kuma wani wasan yana jiranta a Carolina ranar Alhamis, bayan kwana huɗu kacal.

Coughlin a lokacin dattijo ne mai shekara 66, wanda ya ci kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar NFL, sau biyu da Giants, na biyun wata bakwai kawai kafin wannan rana. An san shi da tsantseni da tsananin kiyaye ƙa'ida. Schiano kuwa shekararsa 46, kuma wannan ne wasansa na biyu a matsayin babban koci a gasar ƙwararru. Ya taɓa yin mataimaki a Chicago Bears a ƙarshen shekarun 1990, amma sunansa a Jami'ar Rutgers ya yi shi, inda ya shugabanci ƙungiyarta daga 2001 zuwa 2011, ya ɗauko ta daga ƙasan tebur ya mai da ita abin a zo a gani. Tampa Bay ta ɗauke shi a Janairun 2012 bayan kakar da ta ci wasa 4 ta sha kashi a 12, goma na ƙarshe a jere, har ana zargin 'yan wasanta da saduda tun kafin a tashi. Aikin da aka ba shi ke nan: ya cire musu wannan ɗabi'a. Wanda bai sa wannan a ma'auni ba, ba zai yi wa Schiano adalci ba.

Bayan wasan, Coughlin ya shaida wa 'yan jarida cewa ba a yin haka a wannan mataki, kuma abin da aka yi ya jefa 'yan sahun gaba da kwatabak cikin haɗari a banza. Manning ya ce yana ganin an ɗan shammace su. Schiano bai ja da baya ba ko taku ɗaya. Ya ce ƙungiyarsa tana fafatawa har sai an ce mata wasa ya ƙare, ya ce babu ƙazanta ko saɓa doka a abin da suka yi, ya kuma ce duk wanda ya kalli Rutgers ya san haka suke yi. Washegari ya ce ba ya nadama, ya ƙara da cewa a Rutgers dabarar ta sa ƙwallo ta suɓuce wa abokan karawa sau huɗu cikin shekara biyar.

Asalin al'adar

Abin mamaki shi ne, tsarin da Giants ta jeru a kansa ranar a harabar filin nan aka haife shi, kuma a kan Giants ɗin ce. Ranar 19 ga Nuwamba 1978, a tsohon Giants Stadium da ke wannan wuri na Meadowlands, Giants na gaban Philadelphia Eagles da 17 da 12, ƙwallo na hannunta, Eagles kuma ba ta da sauran damar tsayar da agogo. A ɗaya daga cikin yunƙurin farko kwatabak Joe Pisarcik ya kwanta a kan ƙwallo, sai Bill Bergey na Eagles ya danna ɗan tsakiya Jim Clack har ya faɗa kan Pisarcik. Mai tsara harin Giants, Bob Gibson, bai so a ƙara taɓa masa kwatabak ba, kuma yana cikin kociyoyin wancan zamani da ke ganin kwanciya a kan ƙwallo ragwanci ne da bai dace da maza ba. Sai ya ba da umarnin a miƙa wa Larry Csonka ya ruga. Miƙon ya lalace, ƙwallo ta faɗi, Herman Edwards ya sure ta ya yi gudun yadi 26 zuwa gida, Eagles ta ci 19 da 17. Washegari aka kori Gibson, shi ma babban koci John McVay bai wuce ƙarshen kakar ba.

Daga nan ƙungiyoyi suka ƙirƙiro jerin da ake gani a yau: sahu a cure wuri ɗaya, mutum biyu a gefen kwatabak domin su faɗa kan ƙwallo in ta kuɓuce, da wani mai gudu a tsaye can baya domin ya tare duk wanda ya sure ta. Wannan tarihi yana da nauyi ta hanya biyu, kuma duka biyun suna taimakon Schiano. Abin da ya sa mutanensa suka yi, shi ne abin da Bergey ya yi shekara 34 kafinsa, kuma matsin Bergey na cikin abin da ya tura Giants ga kuskuren da ya ba Eagles nasara. Sannan siffar jerin kanta shaida ce cewa masu durƙuso sun san ƙwallo na iya suɓucewa, in ba haka ba me mutumin can na baya yake gadi? Akwai kuma darasi na uku da ya shafi al'ada gaba ɗaya. Abin da kociyoyin 1978 suke ɗauka abin kunya, shi ne ya zama ladabi a 2012, har wanda ya ƙi shi yanzu ake zargi da sakarci. An ga haka ranar 7 ga Oktoba 2023, lokacin da Jami'ar Miami ƙarƙashin Mario Cristobal take gaban Georgia Tech da 20 da 17, ana saura kusan rabin minti, ta ƙi durƙusawa ta sa a ruga da ƙwallo. Ta suɓuce, Georgia Tech ta ci 23 da 20, Cristobal kuma ya amsa laifinsa a bainar jama'a.

Hujjar kowane ɓangare

Hujjar Schiano ba ta da rauni, kuma ina ganin waɗanda suka yi saurin kiransa baƙauyen jami'a da bai san manya ba sun yi gaggawa. Ana biyan koci ne ya nemi nasara ta kowace halattacciyar hanya. Wasan da tazararsa ci ɗaya ce, agogo kuma bai kai sifiri ba, bai ƙare ba, kuma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Miƙa ƙwallo tsakanin ɗan tsakiya da kwatabak aiki ne da hannu ke yi, hannu kuma yana kuskure. Idan masu nasara suna da 'yancin cinye lokaci, da wane dalili za a hana masu shan kaye 'yancin hana su? Magoya bayansa sun ƙara da cewa al'adun da ba a rubuta ba sau da yawa manya suke karewa, domin su suke faɗin abin da al'adar take, baƙo kuwa sai bayan ya taka ta yake jin labarinta. Akwai gaskiya a wannan. Babu inda aka tsayar da iyakar da durƙuso ke zama abin girmamawa. Tazarar maki 20 kowa ya yarda, amma ta bakwai fa? A ƙarshen Super Bowl na Fabrairun 2015, da New England Patriots ta zo durƙusawa a bakin gidanta, inda ja da baya kaɗan zai iya jawo mata asara, babu wanda ya yi tsammanin Seattle Seahawks za ta naɗe hannu.

Haka kuma ba daidai ba ne a ce Schiano bai san darajar lafiyar ɗan wasa ba. A wannan fili ɗaya ne, ranar 16 ga Oktoba 2010, ɗan wasansa na Rutgers Eric LeGrand ya karye a wuya a wasa da ƙungiyar makarantar sojojin ƙasa, jikinsa ya shanye. Schiano ya tsaya masa tsayuwar uba, kuma da ya koma Tampa Bay ya sa ƙungiyar ta ba shi kwantiragin girmamawa a watan Mayun 2012. Mutumin da ya ga wannan da idonsa ba mugunta ce ta sa shi ba da umarnin nan ba. Ya yi imani ne cewa dabarar tsaftatacciya ce, irin wadda ake yi wa kwatabak da ke neman kutsawa yadi ɗaya.

Duk da haka, ina ganin Coughlin ne yake da gaskiya a wannan rana, kuma dalilina bai dogara ga cewa shi ne babba ba. Tambayar da ta raba gardama ita ce: daga ina dabarar take samun ƙarfinta? Idan sahun Giants ya san ana zuwa, zai duƙa ya kafe, kwatabak ya karɓi ƙwallo ya durƙusa cikin ƙiftawar ido, damar suɓucewa ta koma kusan babu. Dabarar tana yin aiki ne kawai idan mutanen da ke gabanka sun saki jiki, su kuma sun saki jiki ne saboda sun amince cewa ba za ka zo ba. Wato ribar da Schiano ya nema ba daga ƙarfin 'yan wasansa ko gwanintarsu za ta fito ba, daga amanar da abokan karawa suka ba shi za ta fito. Yaudara halal ce a wannan wasa, ana yin kamar za a ruga sai a yi jifa, ana yin kamar za a buga sai a ruga, amma duk waɗannan ana yi wa mutumin da ya ɗaura ɗamara ne yana jiran komai. Wanda ya kwance ɗamararsa saboda ya ɗauka an yi sulhu, hukuncinsa daban ne.

Sai kuma a auna abin da za a samu da abin da za a iya rasawa. Kafin Tampa Bay ta amfana, dole ƙwallo ta suɓuce, dole ɗan wasanta ne zai rigayi mutum uku da aka ajiye domin haka, sannan ko dai ya ratsa fili da ita zuwa gida ko a sami sauran daƙiƙar yin jifa ɗaya mai nisa, a kama, a kuma yi bugun da zai kawo kunnen doki. Sharaɗi ne a kan sharaɗi. A ɗaya gefen kuwa akwai gwiwar mutumin da ke tsaye sakaka, wani mai nauyin buhu biyu da rabi na siminti ya faɗo mata. Rauni irin wannan yakan cinye kaka guda, wani lokaci ya cinye sana'ar gaba ɗaya, a gasar da yawancin kwantiraginta ba su da tabbacin cikakken biya. Kocin da ya ba da umarnin yana tsaye a gefen fili, babu abin da zai same shi. Su ma 'yan wasansa ya saka su a tsaka mai wuya, domin su ne za su fuskanci ramuwa a wasa na gaba, kuma wanda ka faɗa wa gwiwarsa bana yana iya zama abokin sahunka baɗi. Al'adar ta ma'aikata ce kafin ta zama ta kociyoyi, sun yi ta ne domin kare jikin da suke ci da shi.

Maganar da Schiano ya yi cewa duk wanda ya kalli Rutgers ya san halinsa ita ce mafi raunin abin da ya faɗa. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, gaskiya ne, amma wanda ya shigo sabon gari da nasa kukan shi ya kamata ya sanar, ba mutanen gari ne za su je binciken inda ya fito ba. Hanya kuwa a buɗe take. Kalma ɗaya daga bakin ɗan tsaronsa zuwa ga sahun Giants, cewa su shirya ana zuwa, ta isa ta cire duk wani zargi. Da ya yi haka da ya riƙe aƙidarsa ta fafatawa har ƙarshe, ya koya wa yaransa abin da yake son koya musu, kuma babu gwiwar da za ta shiga haɗarin da mai ita bai sani ba. Abin da zai rasa kawai shi ne shammata.

Masu bin ƙwallon Ingila za su tuna wani abu mai kama da wannan. Ranar 13 ga Fabrairu 1999, a gasar kofin FA a filin Highbury, mai tsaron gidan Sheffield United ya fitar da ƙwallo domin a duba ɗan wasansu da ya ji ciwo. Ray Parlour ya jefa ta domin a mayar musu kamar yadda aka saba, sai Nwankwo Kanu, wanda ranar ce ya fara buga wa Arsenal wasa, ya ɗauke ta ya ba Marc Overmars ya ci. Alƙalin wasa ba shi da dokar da zai soke cin da ita. Arsène Wenger ne da kansa ya nemi a sake wasan, aka sake bayan kwana goma, Arsenal ta kuma ci 2 da 1. Bambancin da ke tsakani shi ne Kanu bai fahimci abin da ke faruwa ba, kocinsa kuma ya ƙi cin ribar kuskuren, alhali a MetLife kocin ne ya tsara abin.

Mako guda bayan haka, da abin da ya biyo baya

Ranar 23 ga Satumba Tampa Bay ta je gidan Dallas Cowboys ta sha kashi da 16 da 10, kuma da kwatabak ɗin Dallas Tony Romo ya zo durƙusawa 'yan Schiano sun sake afkawa. Wannan karon duk gasar ta kwana da sani. Sahun Dallas ya kafe kamar a tsakiyar wasa, ƙwallo ba ta je ko'ina ba. A ganina abin da aka yi a Dallas ba laifi ba ne, ko da yake motsin jiki iri ɗaya ne da na makon da ya gabata, domin mako guda na surutu a jaridu da talabijin ya zama sanarwar da ba a yi wa Giants ba. Sai dai da zarar laifin ya fita, amfanin ma ya bi shi. Sauran ƙungiyoyin gasar ba su ɗauki dabarar a matsayin ɗabi'a ba, hukumar ma ba ta rubuta dokar hana ta ba, aka bar al'ada inda aka same ta.

Cewa yarjejeniya ce mai ɗaure ɓangare biyu ya fito fili daga lokutan da masu nasara ne suka karya ta. A Oktoban 1987 kocin Eagles Buddy Ryan, yana jin haushin yadda kocin Dallas Tom Landry ya yi masa a lokacin yajin aikin 'yan wasa, ya sa kwatabak ɗinsa Randall Cunningham ya yi kamar zai durƙusa sannan ya yi jifa, Eagles ta ƙara maki aka tashi 37 da 20. Ranar 7 ga Janairu 2024 kuma, New Orleans Saints na gaban Atlanta Falcons da 41 da 17, ta jeru a tsarin durƙuso yadi ɗaya daga gidan Falcons, sai kwatabak Jameis Winston da abokansa suka yanke shawarar miƙa wa Jamaal Williams ƙwallo domin ya sami cinsa na farko a kakar, saɓanin umarnin kocinsu. Kocin Falcons Arthur Smith ya tari kocin Saints Dennis Allen da faɗa a tsakiyar fili, Allen kuma ya ba da haƙuri ya ce ba haka ya umarta ba. Niyyar 'yan Saints ta zumunci ce, kuma da sun jeru a tsarin hari na yau da kullum da gardamar ta tsaya a kan ƙarin maki kawai. Abin da ya ɓata shi ne sun nuna alamar sulhu, 'yan tsaron Falcons suka saki jiki, sannan suka bi ta kansu. Wanda ya ga laifin Saints a nan ba shi da hanyar wanke Tampa Bay ta 2012, domin abu ɗaya aka ci riba da shi.

Schiano ya gama kakar 2012 da nasara 7 da rashin nasara 9, ta 2013 kuma da 4 da 12, aka sallame shi a ƙarshen Disambar shekarar. Ba durƙuso ne ya kore shi ba, sakamako da saɓaninsa da wasu manyan 'yan wasa ne, sai dai daƙiƙa biyar ɗin nan su suka fara zana masa suna a gasar, kuma sunan ya bi shi. A Disambar 2019 ya koma Rutgers. Ranar 1 ga Oktoba 2022, a gidan Jami'ar Jihar Ohio, masu gida na gaba da 49 da 10 a kashi na huɗu, sai mai bugunsu Jesse Mirco, maimakon ya buga ƙwallo ya mayar wa Rutgers kamar yadda ake tsammani daga mai irin wannan tazara, ya ga fili a buɗe ya ruga da ita. Aron Cruickshank na Rutgers ya make shi bayan ya riga ya fita daga fili, aka kore shi daga wasan. Schiano ya tsallaka filin gaba ɗaya zuwa gefen abokan karawa, suka yi cacar baki da kocinsu Ryan Day suna nuna wa juna yatsa, alƙalai suka hukunta su biyun saboda rashin ladabin wasa. Bayan an tashi Day ya ce ba shi ya ba da umarnin gudun ba, ɗan wasan ne ya ga Rutgers ta tara mutane gefe ɗaya ya yi amfani da damar. Schiano kuma ya ce ya tsallaka ne domin ya fitar da yaronsa daga cikin taron abokan karawa kafin wani ya ji ciwo.